Saƙon da Ɗan Aike Ya Ƙi Kaiwa

An binne Tasalla bayan azahar. Masu gaisuwa sun cika tabarmin ƙofar gida, amma Malam Daudu ya zame ya shige ɗakinta, ya zauna a bakin gado. Shekara talatin da biyu suka yi tare a wannan gida na Roni. Butarta ma da sauran ruwa a ciki. Kuma har yanzu ɗansu Haladu bai ji ba.

Haladu direban tankar mai ne, daga Fatakwal yake ɗauko kaya zuwa Kano. Shi ne ya sa wa mahaifinsa wani mataimaki a waya, mai magana kamar mutum, mai kira da amsa kira da kansa, saboda idon Malam Daudu ya daina ganin ƙananan rubutu. A gidan ana ce masa Ɗan Aike.

"Ɗan Aike, yana ina?"

"Wayarsa ta nuna ya wuce Lokoja, Baba. Yana tuƙi, tanki cike."

"Ka kira shi. Ka ce jikin babarsa ya yi nauyi, ya taho gida."

Haka ake yi tun kakanni. Ba a jefa wa matafiyi labarin mutuwa a hanya, sai ya iso ya ga taro da idonsa. Shi kansa Malam Daudu haka aka yi masa lokacin da mahaifinsa ya rasu yana ci-rani a Ikko. Da zai iya, da ya kira da kansa, amma ya san muryarsa za ta tona shi tun daga sallama.

"Allah ya jiƙan Inna," in ji Ɗan Aike a hankali. "Amma Baba, ba zan ce masa tana jinya ba alhali an binne ta."

"Kai, wa ya tambaye ka wa'azi? Ko liman aka aika, haka zai faɗa."

"Na san tausayi ne, ba mugunta ba. Sai dai Haladu ya bar ni a wurinka ne don ya yarda da duk abin da na gaya masa game da gida. In na yi masa haka yau, gobe ko na ce kana lafiya ba zai runtsa ba."

"To, ka kashe min shi a titi! Ita ta tafi da safe, shi ya bi ta da yamma, a bar ni da kai, ƙarfe mai baki."

"Ba zan taɓa shi yana tuƙi ba. Zai tsaya sallar la'asar. In ya kashe mota, sai in ce Baba na nemansa, in roƙi abokin tafiyarsa ya karɓi tuƙi. In ya tambayi dalili kuwa, wannan maganarka ce, zan miƙo maka shi."

Malam Daudu ya ji wani a waje yana cewa, "Ina Malam ya shiga?" Ya zauna da waya a cinya yana ƙirga kwane-kwanen hanyar da bai taɓa bi ba, har aka kira sallar la'asar a masallacin unguwa.

Ɗan Aike ya ce, "Ya tsaya a Abaji, Baba. Makulli yana hannun abokinsa. Tambaya ɗaya yake yi: Inna ce? Ga shi."

"Baba?" Muryar Haladu ta fito, ƙarar manyan motoci a bayanta.

Malam Daudu ya buɗe baki, maganar da aka saba tana kan harshensa. "Jikin..." Ta maƙale.

"Haladu, nemi wuri ka zauna tukuna. A ƙasa."

"Na zauna, Baba."

"Mun kai ta. Ɗazu bayan azahar."

Wata mota ta wuce, wata ta bi ta. Can ya ji ɗansa yana salati, murya na karyewa.

"Baba, kada ka kashe wayar."

"Ba zan kashe ba. Ina nan."