Tsinken Sakace a Baranda

Furanni tara Bahiga ta bari a tsaye. Ta dawo ta tarar da bakwai sun langaɓe kamar an watsa musu tafasasshen ruwa.

Ko mayafin tafiya ba ta cire ba ta durƙusa a baranda. Shekara bakwai tana renon tsiron okid ɗin nan da ruwan saman da take tarawa a kwalabe, sai a zafin bana ya fara fure. Jibi ne kuma baje kolin masu furanni na Iskandariyya. Kwana biyu kacal ta yi wajen 'yarta a Alƙahira.

Ta ɗaga fure ɗaya da yatsa. 'Yar hular da ke tsakiyarsa babu ita, an kwashe ƙwayoyin barbarar da ke ciki. Furen da aka yi wa haka gani yake aikinsa ya ƙare, sai ya mutu. A gindin tukunyar ga tsinken sakace.

Mutum ɗaya ta taɓa koya wa wannan aikin tsinke, kuma ita ta bar wa makulli.

Ta sauka bene na biyu. Safinaz, maƙwabciyarta ta shekara ashirin, tana tuyar wake. Abla take kiran Bahiga, wato Yaya.

"Abla, sannu da hanya. Wannan fuska fa, jirgin ƙasa ne ya sake ɓata miki rai?"

Bahiga ta ajiye tsinken a tebur. "Ruwa na ce ki ba shi, Safinaz. Ban ce ki aurar da shi ba."

Safinaz ta rage wuta. "Ai na bar miki biyu."

"Biyu zan kai gaban alƙalai?"

"Sau nawa na roƙe ki ɗan tsiro ɗaya? Kullum sai baɗi. Ni dai mai ban ruwa ce, ke ce gwana."

Idon Bahiga ya kai kan taga. Okid bakwai na Safinaz a jere, kowanne an sa masa barbarar da aka kwashe, an ɗaura masa zare da 'yar takarda. Inda ake rubuta iyayen iri biyu, sunan Safinaz ne sama da ƙasa.

"Har sunana kika goge."

"Kin taɓa ganin an tambayi iri daga ina yake?"

"Ba ni makullina."

Safinaz ta dafe aljihunta, ba ta fito da komai ba. Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Wani dogon mutum ne da Bahiga ba ta taɓa gani ba, rungume da akwatin katako mai hujoji. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Wace ce Madam Safinaz? Daga gonar furanni aka turo ni. Na zo ɗaukar uwar okid ɗin da muka saya, mai furanni taran nan da kika ce kin ajiye a barandarki ta sama."