Ramuka Huɗu a Gindin Magarya

"Ai ka rage ƙarfi," in ji Tsoho Pan, ya janye hannunsa. "Ni za ka yi wa wayo?"

Tsoho Geng ya rantse bai rage komai ba, alhali ya rage. Shekara talatin da ɗaya ke nan shi da maƙwabcin nasa suna haɗuwa kullum safiya a gindin magaryar tsakar gida, su yi turin hannu irin na 'yan taici, wasan motsa jiki na mutanen Sin. A kafa ƙafa, a haɗa wuyan hannu, a yi ta juyawa sannu a hankali, kowa na sauraron jikin ɗan'uwansa ta fata, har wanda hankalinsa ya rabu da jikinsa ya yi taga-taga. Ƙafafunsu har sun ci ramuka huɗu a ƙasa. Duk shekarun nan kuwa Geng, ƙato guda da ya tsufa yana murza kwaɓin taliya, bai taɓa gusar da Pan ko taku ɗaya ba. Shi kuwa Pan tsohon tela ne, ɗan firit da shi. Abin na ci wa Geng rai, bai kuma taɓa ɓoyewa ba.

To yau da ya tura, sai ya ji kamar ba kowa a bayan hannun. Nauyin nan da ke kafe Pan a ƙasa ya tafi. Da ya ƙara ko kaɗan, da ya kayar da shi. Shi ya sa ya sassauta.

"Yaya, tun yaushe?" in ji Geng.

"Tun bazara. Likita ya ce hanta ce." Pan ya ɗauki butar shayinsa. "Matata ma sai da aka gaya mata, kai kuwa hannunka ne ya ji. Ashe ba a banza na yi ta kayar da kai ba."

Washegari Geng ya sake lallaɓa shi, jibi ma haka. Rana ta huɗu Pan ya ƙi fitowa, ya leƙo ta taga ya ce shi ba ya wasa da maƙaryaci. Bai jima ba ciwo ya kwantar da shi. Geng kan kai masa kunun gero da safe, Pan ya sha cokali biyu, ya juya fuska bango. Mutuwar ba ita ta fi damun Geng ba, su duka sun haura saba'in. Tsoronsa kada abokinsa ya tafi alhali wasansu na ƙarshe ƙarya ne.

Wata safiya Shulan, matar Pan, ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. "Yayanka na kira."

Ya same shi an jingine shi da matasai, idanu sun yi rawaya. Geng ya jawo 'yar kujera ya zauna. Pan ya ɗaga wuyan hannunsa.

"In irin na kwanan baya za ka yi min, tashi ka tafi."

"Ku dai ba za ku taɓa girma ba," in ji Shulan, amma ta kawar da kwanon kunu.

Geng ya ɗora hannunsa, ya rufe ido. Hannun Pan ba nauyi ko kaɗan, amma a farke yake, yana bin sa duk inda ya nufa. Suka zagaya sau uku. A na huɗu Geng ya tattara haushin shekara talatin da ɗaya ya tura da gaske. Pan ya saki numfashi, ya ɗan karkata kafaɗa, shi ke nan. Kujera ta zame, sai ga ƙato ya kifa goshi a katifa, gwiwa a ƙasa.

Pan ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

"Mai taliya, har yau kafaɗarka na riga hankalinka tafiya!"

"Kujerar ce, Yaya."

"Kullum da abin da za ka ɗora wa laifi."

Geng bai taɓa jin daɗin faɗuwa irin ta ranar ba. Rana na karkatawa Pan ya cika, hannunsa a cikin na matarsa. Geng ya yi kuka sosai, amma ransa wasai.

Bayan kwana bakwai ya fito gindin magarya, ya sa ƙafafunsa a ramukansa, ya rasa yadda zai yi da hannunsa. Sai ga Shulan da tsintsiya, da farin ƙyallen makoki a gashinta. Ta share busassun 'ya'yan magarya daga ramukan mijinta, ta jingine tsintsiyar.

"Shekara talatin ina kallonku ta taga," ta ce. "Kada ka rage ƙarfi."

Ta taka ciki ta ɗaga wuyan hannu. Takalmanta ba su cika ramukan ba.