Ƙwallo Ba Ta Hannunmu

"Wa ya ce ku riƙa sanɗa kamar ɓarayi?" in ji Ottmar daga kan gado, da dasasshiyar murya. "Ban mutu ba tukuna."

'Yarsa Silke ta ajiye kofin ruwa ta dube ni. Likita ya gaya mata da wuya mahaifinta ya kai gobe, shi ya sa ta bi benenmu ƙofa-ƙofa tana roƙon a yi shiru. Ga shi kuma Lahadi ce, ranar da ko ƙusa ka buga a Frankfurt sai maƙwabta sun yi maka ca.

Mun tsufa ƙofarmu na kallon juna da Ottmar, tsohon direban bas, amma ban taɓa gane abin da ya gani a ƙwallon Amurka ba. Ƙarti su kifa hular kwano su yi ta karo, a tsaya, a sake. Amurkawa sun kawo mana gasar ne don yaransu su goge kafin su koma gida. Suka yi ta sauya mata suna, a 2007 kuma, ba a cika mako da wasan ƙarshe ba suka naɗe kayansu. Ottmar bai taɓa yarda an rufe ba. "Su suka tafi," yakan ce, "mu muna nan."

"Bernd, kai ɗan ƙwallon ƙafa, matso," ya ce mini. "Me na koya maka a filin wasa?"

"In ƙwallo tana hannunmu, a yi tsit 'yan wasanmu su ji juna."

"In tana hannun abokan gaba fa?"

"A cika musu kunne har su kasa jin umarni."

"To yanzu a hannun wa take?"

Na dubi Silke.

"Baba, don Allah, hutu kake bukata," in ji Silke.

"Hutu na nan zuwa, har sai na gaji da shi. Shirun nan naku mutuwa kuke tayawa. Ba zan tafi ina jin agogo ba."

Nan kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya. Na buɗe kabad ɗinsa na ɗauko gangar da yake zuwa fili da ita, da jakar usur, na fita bugun ƙofofi. Ɗaliban hawa na biyu suka fito babu takalma. Tsohuwa Wiegand ta can sama, wadda ta sha kira masa 'yan sanda saboda gangar nan, ta saurare ni fuska a murtuke, ta koma ciki ta fito da tukunya da ludayi.

"Yau kaɗai," ta ce. "Ka gaya masa."

Benen ya ɗauka da hayaniya. Silke da kanta ta wangale ƙofa, ni kuwa na tsaya gefen gado ina dukan ganga kamar na tsani fatarta. Ottmar ya riƙa ɗaga tafin hannu, wai a ƙara. Silke ta sa usur a baki, kuka ya hana ta busawa, ta sake gwadawa har ya yi ƙara. Yana mata dariya hannun ya sauka kan bargo, bai sake motsi ba.

Na fita matakala na ɗaga musu hannu. Aka yi ta tsayawa hawa-hawa, har ya rage tukunyar nan ta sama, don tsohuwar ba ta ji sosai. Da ta leƙo ta gan mu tsaitsaye, sai ta zauna a kan matakala, ta rungume tukunyar a ƙirjinta.