Gidan da Ba a Tambayar Suna

Kwana arba'in da uku matar ta yi a kan tabarmar bayan ƙofa, babu wanda ya san sunanta. Baƙuwa ake ce mata. 'Yar Habasha ce, da zanen gicciye a wuyan hannunta. Ta gudo daga gidan aiki ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba fasfo, sai tari mai fitar da jini.

Khairiyya, mai riƙe da gidan, ba ta tambaye ta ba, domin haka ta gada. Kakanta ya taho hajji a ƙafa, zazzaɓi ya kayar da shi a Khartum, 'yan mishan suka yi jinyarsa wata biyu a ɗakin da cocinsu ya ware wa baƙi, ba su taɓa ce masa "wane ne kai" ba. Da ya zauna a Jidda, sai ya buɗe wannan gida a unguwar Balad da doka guda: a ba baƙo ruwa da tabarma, kada a tambaye shi suna. Akwai dabara a ciki, don abin da ba ka sani ba, hukuma ba ta iya tatsar sa daga bakinka. Khairiyya tana tinƙaho da dokar nan fiye da yadda take yi da 'ya'yanta.

"Yaya, matar nan ba za ta tashi ba," in ji ƙanenta Badaru, ranar da ya kawo buhun shinkafa. "Ki tambaye ta sunanta da garinsu. Tana da masu jiranta."

"Shekara saba'in ba a yi ba, sai a hannuna? Ran da ta yarda da mu, da bakinta za ta faɗa. Halas, magana ta ƙare."

Ranar Talata bayan azahar tarin ya tsaya. A ƙullin zanenta aka sami hoton wata yarinya da kayan makaranta, tana murmushi da giɓi.

Jami'in da ya zo ɗaukar gawar ya zaro biro. "Sunanta?"

Khairiyya ta dubi matan gidan ɗaya bayan ɗaya. Sai tsohuwa Rabi'a, mai dafa abinci, ta fashe da kuka.

"Hajiya, ran da ta zo ta dafa ƙirjinta za ta faɗa. Ni na toshe mata baki, na ce nan ba a faɗin suna. Sau biyu ta gwada."

"Tambaya aka hana, Rabi'a," in ji Khairiyya. "Ba a hana faɗa ba."

Jami'in ya rubuta "ba a san ta ba", ya ce yalla, a tafi, aka fita da ita.

Baƙin ciki ya danne Khairiyya, ta zauna a kan tabarmar. Ta juya hoton ko za ta ga rubutu a bayansa. Fari ne fat.