Cokalin Nonon Jiya

Zango biyu na yi ina jure sunan da suka raɗa mini a ƙauyenmu na kusa da Makoda: Malama Mai-kanta-da-kanta. Laifina shi ne na karantar da 'yan aji shida abin da ke cikin littafinsu, cewa wasu masana na ganin kafin a sami ƙwayar halitta ta farko, an fara samun wani ɗan ƙanƙanin sinadari mai iya buga kwafin kansa. Wata ɗaliba ta kai gida cewa na ce mutum shi ya yi kansa.

Ban ba kowa haƙuri ba. Da digirina na dawo garin nan, ba da roƙon arziki ba.

Ran Asabar kwamitin iyaye ya zauna don a kore ni. Na je da ƙwaryar kindirmo, na ajiye gaban shugabansu, Alhaji Dallatu. Bai yi fulako ba, ya ɗau ludayi.

Na ce, "Baba Alhaji, yaya Inna Fanta mai nono take yin wannan?"

"Tambayar yara. Cokalin nonon jiya take zubawa a sabuwar madara."

"To a cokalin nan akwai ƙananan halittu. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, kafin safiya sun cika ƙwarya. Wa ya ba su ikon?"

"Allah mana."

"Ni ma haka na ce. Misali ne kawai. Su masanan, hanyar da abin ya bi suke bincikawa."

Ya leƙa ludayin. "Yanzu suna ciki?"

"Miliyoyi. Ka sha wajen rabinsu."

Ya ajiye ludayin a hankali.

Malam Kamaruddeen mai shagon taki ya gyara zama. "Tsaya, Malama. In kullum sai da na jiya, cokalin farko fa?"

Na ce, "Babin da na karantar ke nan gaba ɗaya."

"Daga Fulani," in ji wani.

"Su kuma Fulanin daga gidan ubanwa?"

Ɗaya ya ce ƙwarya ce, ɗaya ya ce zafin rana. Alhaji ya rantse kakarsa ta sani, sai dai ta rasu. Har aka kira la'asar ba wanda ya tuna da batun kora.

Alhaji ya miƙe yana neman takalminsa. "Za ki ci gaba da koyarwa, amma da sharaɗi. Ba inda za ki sai kin kawo mana amsar nan."

Na rusuna na ce na amince. Ban gaya musu masanan sun fi shekara sittin suna nemanta ba.