Ƙoƙo Huɗu a Bikin Nereida

Shekara goma sha ɗaya na yi a Chicago ina haɗa wa mutane giya a wata mashaya, kafin na dawo ƙauyenmu a Oaxaca don bikin ƙanwata Nereida. Na dawo da jaka biyu, ɗaya ta tufafi, ɗaya cike da kwalabe. Na kuma dawo da surutu. Na san wiskin masara da na sha'ir, na san rom daga rake yake fitowa, burandi daga inabi, na san masu zaƙin nan da ake jiƙa wa ɓawon lemo da ganyaye. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha bayani, ko bai tambaya ba.

Mahaifina, Don Aristeo, meskal, giyar gargajiyar ƙasarmu, kaɗai ya sani, amma fa ya san shi. Shi ne na huɗu a gidanmu da ke gasa zuciyar magey, wani tsiro mai kama da kabar giwa, a rami, alfadari ya niƙe ta da dutse, a bar ta ta tsima, sannan a dafa a tukunyar jan ƙarfe tururin ya riƙa ɗigowa. Na biki daban yake: ana sake dafa shi da 'ya'yan itatuwa, a rataya ƙirjin talo-talo a cikin tukunyar tururi ya ratsa shi. Da hanci aka san Baba. Ƙamshi kawai yake ji ya ce a janye tulun da ke tarar ɗigon, mai kyau ya ƙare, sauran na baya ne.

Ranar biki da rana, ana tsakiyar cin kaza da miyar mole, uban ango, Don Cástulo, wanda ya zo daga wani ƙauye a bayan dutse, ya ɗaga ƙoƙonsa yana zolayar Baba.

"Don Aristeo, ba laifi, kun yi ƙoƙari. Amma wata rana ku zo garinmu a koya muku."

Aka yi dariya, har da Baba. Da a nan maganar za ta tsaya, amma sai na miƙe.

Na ce, "Don Cástulo, ko giya ɗari za ku jera, mahaifina zai ciro tasa da hanci kawai. Bari ku gani."

A lokacin ce wa kaina na yi Baba nake karewa. Gaskiyar ita ce kwana uku ina neman dalilin buɗe kwalabena a gaban jama'a.

Mama ta riƙo hannun rigata. "Eleazar, zauna, abincinka na hucewa."

Na zame hannuna. Na juya baya na zuba ƙoƙo huɗu, duk farare kamar ruwa: giyar Turawa da ake kira jin, farin rom, meskal ɗin da Don Cástulo ya kawo, da na Baba. Na jera su a gabansa.

Baba ya ce, "Ɗana, yau ranar ƙanwarka ce."

"Minti ɗaya ne, Baba. Ku nuna musu."

Ya ɗauki na farko ya sunsuna, ya kurɓa. Haka na biyu, har na huɗu. Ya sake komawa farko. Ya daɗe. Sannan ya ɗora yatsa a kan na biyu.

"Wannan."

Rom ne. Ni na yi dariya, na ɗauka wasa yake yi. Na ce da ƙarfi, "Haba Baba, ku daina zolaya, wannan ai ruwan rake ne."

Ba wanda ya taya ni. Mutanen ƙauyenmu duk suka sunkuyar da kai kan farantansu. Baba bai ɗaga yatsansa daga ƙoƙon ba, kuma bai kalle ni ba.

Don Cástulo ne ya miƙa hannu ya ɗauki ƙoƙon, ya sunsuna, ya dubi Baba na ɗan lokaci, sannan ya shanye.

Ya ce, "Yaron nan ya rikita ƙoƙunansa. Wannan naku ne, Don Aristeo, na san hannunku." Ya juya wajen masu busa. "Ku kuma ci kawai kuka zo yi?"

Kiɗa ya tashi, aka ja amarya rawa.

Na sami Mama a kicin tana juya tukunya. Ba ta waiwayo ba.

Ta ce, "Shekara uku ke nan. Tun zazzaɓin da ya kwantar da shi ba ya jin ƙamshin komai. Ko kofi ruwan zafi ne a wurinsa."

"To wa ke cewa a janye tulu?"

"Ni. Ina tsayawa a bayansa kamar na kawo masa abinci. Idan lokaci ya yi sai na yi tari."

"Akwai wanda ya sani?"

"Har masu kawo itace sun sani. Ba wanda ya taɓa furtawa."

"Me ya hana ku gaya mini?"

Sai a lokacin ta juyo. "A waya? Kana barin mutum ya yi magana?"

Ban koma wurin biki ba. Na zauna a bayan garken awaki har baƙi suka watse.

Washegari da safe na iske Baba a bakin rami yana fasa magey. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni.

"Miƙo mini gatarin can."

Muka yi ta aiki har rana ta take. Da muka zauna a inuwa ya share goshinsa, ya ce, "Ɗaya cikin huɗu ne. Na yi tunanin ko zan dace."



Tun daga bikin nan Baba bai sake tsayawa kusa da tukunya ba. Yana sara, yana gashi, yana kora alfadari, amma in an hura wutar dahuwa sai ya ɗauki hularsa ya tafi gona. Mama ce ke zama a gaban tulu yanzu, kowa na gani. Nereida ta ce mini a waya wai hakan ya fi, aikin Mama ya fito fili. Wataƙila. Amma ba ni ya kamata in yanke musu wannan ba, kuma ba a gaban surukai ba.