Bakin Jalaja

A ƙauyenmu da ke kusa da garin Udupi, duk wanda ya iya addu'ar cin abinci a barandar gidan Malam Vittala ya koye ta. Mijina a nan ya koya, haka ƙannensa. Da 'yarmu Tunga ta cika shekara biyar, ba mu ma yi shawara ba, na wanke mata ƙafa na tsallaka da ita hanya. Kullum da la'asar yara goma sha biyu za su tanƙwashe ƙafa a kan tabarma, ya faɗi baiti cikin Sanskirit, tsohon harshen addu'o'inmu, su maimaita, in sun gaji ya ba su labarin alloli da sarakunan dā. Ajja suke ce masa, wato kaka.

A daminar shekarar ne aka cire masa haƙoran gaba. An yi masa na roba, ya ce suna cizon dasashinsa, ya jefa su a kofi.

Wata rana mun zauna cin abinci, Tunga ta haɗa tafin hannu ta yi addu'ar neman alheri ga dangi. Mijina ya ƙware, sai da na buga masa baya.

"Sake faɗa, 'yar baba."

Ta sake, da ƙarfinta.

"Kin ji abin da na ji?" ya ce da ni. "Svajana ake cewa, dangi. Ita shvajana ta ce, wato karnuka. Karnukan garin nan take wa addu'a!"

Muka yi dariya har da hawaye, yarinya ta ɓata fuska. Amma da dariyar ta lafa sai muka ga abin ba na dariya ba ne. Ba laifinta ba ne. Abin da ya fito daga bakin malaminta ta kwashe tsaf, kuma duk 'yan ajin haka suke faɗa.

"Sai ka je ka gaya masa," na ce.

"Ni? Mutumin da ya riƙe hannuna na rubuta harafin farko? Ke dai da bakinki ba ya ciwo, je ki."

Washegari na ɗauki kwakwa biyu na shiga ta bayan gida, wurin matarsa Jalaja, wadda muke ce wa Ajji. Na same ta a madafa tana gurza kwakwa, tagar da ke kallon baranda a buɗe. Ina ta kewaye-kewaye na rasa ta inda zan fara, sai na lura leɓɓanta suna motsi. Duk baitin da tsohon ya faɗa a waje, tana faɗarsa ƙasa-ƙasa, kowane harafi a mazauninsa.

"Ajji, ashe kin iya?"

"Iya me? Shekara arba'in da takwas ana zuba min shi a kunne ta tagar nan. Ko turmin can ya iya." Ta dube ni. "Maganar karnuka ce ta kawo ki, ko? Wata biyu ke nan ina ji."

"To me ya hana ki gaya masa?"

"'Yata, ya ishe shi abin da ya rasa."

Ba mu rufe baki ba muka ji muryarsa ta ɗaga. Ya sa Tunga ta karanta ita kaɗai, kuma kunnensa dai garau yake.

"A'a! Ba sha ba, sha!"

"Ai shi na ce, Ajja."

"Sha nake ce miki, sha!"

Sai ya tsaya. Ya ji kansa. Ruwa na ɗiga daga rufi. Can ya ce, "Ku tafi gida, yara," ya shige ɗaki.

Kwana biyu bai fito baranda ba. Ya aika wa iyaye cewa ya rufe karatu, a nemi wani. Amma yara ba su san aike ba. Rana ta uku da la'asar suka zo suka shimfiɗa tabarmarsu da kansu, ni kuma na biyo Tunga don in mai da ita. Jalaja ta fito tana goge hannu a gefen zane.

"Ajjanku ba ya jin daɗi. Ku tashi."

Maimakon su tashi, Tunga ta haɗa hannu ta ja baiti, sauran suka amsa. Suna isowa kalmar nan, tsohuwa ta runtse ido kamar an taka mata yatsa.

"Kai, kai, ku tsaya! Ku sa harshe a bayan haƙora. Sva. Ku dubi bakina."

"Sva," in ji yara.

"Yauwa. Daga farko."

Ta ja su baiti huɗu tana tsaye, ta manta da kanta. Ko da ta juya, ga Malam Vittala a bakin ƙofa, ya dafa bango.

"Wa ya koya miki?"

"Wani tsoho mai yawan surutu da aka aura min."

Yara suka ƙyalƙyale. Shi bai yi dariya ba. Ya jawo kujerarsa ya zauna, ya ce ta karanta addu'ar fitowar rana. Ta karanta. Ya ce ta karanta addu'ar kunna fitila. Ta karanta. A tsakiya ya ɗaga yatsa.

"Kin gajarta wasali. A nan ja ake yi."

"To, ka ga amfaninka ke nan, Malam. Zauna ka riƙa kama ni."

Ya juya ya ce wa yaran, "Ku matsa wa Ajji ta zauna."

Haka karatu ya koma. Ita ke faɗa yara su maimaita, shi yana buga cinya yana riƙe musu ma'auni, in an gama ya fassara, ya ba da labari. Labari kam rashin haƙori bai rage shi da komai ba, muryar aljanu ma sai ta fi fita. Sukan yi musu a gaban yara a kan wasali ɗaya, wani lokaci ita ke da gaskiya, sai ya yi tari ya ce a ci gaba. Wani dattijo ya janye jikansa, ya ce bai taɓa jin mace ta ja baiti ba. Bayan wata guda yaron ya dawo, kakarsa ce ta riƙo hannunsa.

Shekara biyu bayan haka, ranar bikin fara karatu, na kai ƙanen Tunga a rubuta masa harafin farko. Aka zuba shinkafa a faranti, aka ɗora yaron a cinyar Malam. Hannun tsohon yana karkarwa, ya kasa riƙe ɗan yatsan. Ya dubi matarsa. Ta durƙusa ta ɗora hannunta a kan nasa, suka ja yatsan yaron tare a cikin shinkafar, ita ta faɗi harafin.

Yaron ya dubi abin da ya rubuta, ya damƙi shinkafar ya kai baki.

"Bar shi," in ji Malam, da na kai hannu. "Ubansa ma haka ya yi."